Ribaɗin Wurno da Gardamar Masana kan Rumawa

A shekarar 1976 wani masani ɗan Amurka, Edward Luttwak, ya fitar da littafi yana cewa Rumawan da can sun tsare iyakokinsu ne bisa dabara mai dogon zango, wadda sarki ke gada daga sarki. Hujjarsa ita ce sansanonin soja da ganuwowi, irin katangar da Sarki Hadrian ya sa aka fara ginawa a arewacin Ingila a shekara ta 122 miladiyya.

Masana tarihi irin su Benjamin Isaac ba su yarda ba. A ganinsu, babu wani rubutu da ya shimfiɗa wannan dabara, kuma sau da yawa neman suna da ganima ne ke fitar da sarki yaƙi. Sarki Agusta ya bar wasiyya kada a ƙara faɗin daula, amma Trajan ya zo ya ci ƙasar Dacia a shekara ta 106. To, ina dabarar take?

Mutanen Tursa da Rabah da Goronyo, a gabashin Sakkwato, suna da abin auna wannan tambaya a ƙofar gidansu. Bayan faɗuwar birninsu Alƙalawa a 1808, Gobirawa ba su miƙa wuya ga Sakkwato ba. Sun ci gaba da kai hari ta kwarin Rima, wani lokaci tare da Azbinawa da Katsinawan Maraɗi. Da Muhammadu Bello ya zama Sarkin Musulmi a 1817, ya ga cewa fita yaƙi kowane rani ba ta hana mahara dawowa. Sai ya ɗauki hanyar ribaɗi: a kafa gari mai ganuwa a bakin iyaka, a zuba masa mutane, a naɗa masa shugaba daga cikin 'ya'ya ko amintattu.

Ribaɗi ya wuce barikin soja. Akwai masallaci da makaranta da kasuwa, ga gonaki a kewaye. Bello ya ja hankalin Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya, su riƙa kiwon dawaki da raƙuma, abin da rundunar tsaro ke buƙata. Wanda ke da gona da iyali a bakin daga, ba sai an roƙe shi ya yi gadi ba. Shi kansa Bello ya bar Sakkwato ya tare a ribaɗin Wurno, ya yi nasara kan Gobirawa a yaƙin Gawakuke a 1836, ya rasu a Wurno a 1837, kuma can kabarinsa yake.

Abu biyu ne ke nuna an yi wannan da niyya. Na farko, Bello malami ne, ya yi rubutu kan ribaɗi da hukuncinsa, don haka ba sai an tambayi kufai abin da mai gini ya nufa ba. Na biyu, magadansa sun ɗore a kai. Aliyu Babba, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859, ya zauna a Wurno, garin da Baturen nan Heinrich Barth ya sauka a 1853. Rabah kuma ta kasance a hannun zuriyar Bello, gidan da ya fitar da Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, kakan Sardauna Ahmadu Bello.

Shaida ta farkon ce ta yi wa masu goyon bayan Luttwak ƙaranci, ta biyun kuma ba ta daidaita a Rum ba, shi ya sa gardamar ta ƙi ƙarewa.

Yau 'yan bindiga ne ke tayar da ƙauyukan gabashin Sakkwato, sojoji su zo su kore su, su tafi, maharan su dawo. Ma'aunin da ya tabbatar da dabarar Bello shi ya kamata a ɗora wa ta yanzu: shin a rubuce take, kuma gwamnati mai zuwa za ta ci gaba da ita? Sannan manomin Tursa zai iya kwana a garinsu ya nome gonarsa?