Ajin da ake neman ruwa da kati

Yaron da ba ya magana, yaya yake sanar da mutane cewa yana jin ƙishirwa? Wannan tambayar ce ta kai ni wata 'yar makaranta a cikin Kano, inda shugabar ta tarbe ni ta miƙa ni ajin masu galahanga.

A bango an jera hotuna daga sama zuwa ƙasa: gaisuwa, karatu, wanke hannu, cin abinci, tashi. Da an gama abu sai yaro ya ɓalle hotonsa ya jefa a kwali. Malamar ajin ta ce rashin sanin abin da zai biyo baya na daga cikin abubuwan da suka fi ɗaga wa yaran hankali.

Ruwa kuwa da kati ake nemansa. Yaro ya miƙa katin da ke da hoton kofi, malama ta ba shi nan take tana cewa "ruwa". Tsarin sunansa PECS, a jihar Delaware ta Amurka aka fara shi a 1985. Da farko sai da mutum biyu: ɗaya a gaba riƙe da kofin, ɗaya a baya yana kama hannun yaron. A hankali na bayan zai koma taɓa gwiwar hannu kawai, har ya daina gaba ɗaya. "Wahalar tana wurin janyewa," in ji malamar. "In ka daɗe kana kama masa hannu, jiran hannunka zai koya."

A bakin ƙofa na tarar da wata uwa tana jiran a tashi ta ɗauki ɗanta.

"Malam, ba inda ban kai shi ba. Wannan ya ce ɗan ruwa ne, wancan ya ce shafar aljanu. Rubutu, hayaƙi, har kayan ɗakina na sayar. Shekara bakwai ban san abin da ke sa shi buga kai da bango ba. Ashe wani lokacin ƙishirwa ce, wani lokacin ƙarar injin markaɗen maƙwabta."

Ta ce da farko ta ƙi katin, tana tsoron zai hana shi buɗe baki. Binciken da aka yi bai nuna kati yana hana magana ba. Yanzu da kanta take yanke hotuna daga gwangwanin madara da ledar biskit, tana mannawa a jikin kwali.

Damuwarta 'yan gida ne. Tausayi yana sa yayyensa su miƙa masa kofi tun bai nema ba, alhali abin da yaro ya koya a aji ba ya bin sa gida sai an ci gaba da gwadawa a can. Ni dai ban ga laifinsu ba, ba wanda ya zaunar da su ya nuna musu. Malamar na son ta riƙa tara iyalai ranar Asabar, amma yawancinsu daga nesa suke. Uwar nan ma kwana uku a mako take iya kawo shi, saboda kuɗin adaidaita sahu.