Faten Gasasshiyar Masara, Abincin Tsakiyar Damina

A Tarai da sauran garuruwan ƙasar Kibiya da Rano, watan Agusta ne lokacin da rumbu ke yin ƙasa. Hatsin bara ya kusa ƙarewa, dawa kuwa sai kaka. A wannan tsakani ne masarar bayan gida take nuna, ta rufa wa magidanta asiri.

Galibi gasa ta kurum ake yi. Amma abin da yara biyu za su cinye a tsaye, in an mai da shi fate, sai ya wadaci mutane da dama.

A karyo masara mai ruwa, wadda in an matsa ƙwayarta da farce take fid da madara. A yi aiki da ita a ranar, domin da zarar ta rabu da kara zaƙinta yake fara gushewa. A gasa bisa garwashi, ana juyawa har ta yi ja. A kankare ƙwayar, a ɗan ɓarza a turmi. A tafasa totuwar a tsame, sa'an nan a zuba ɓarzajjiyar masarar cikin ruwan tare da albasa, attarugu, daddawa da dakakkiyar gyaɗa. In ya yi kauri a sa alayyafo da ɗan yakuwa, a sauke.

Kada a raina gyaɗar nan. Masara ita kaɗai ba ta isar wa jiki da bitamin B3, wanda rashinsa ke haddasa ciwon fata da zawo. Gyaɗa kuwa tana da shi a wadace. Ɗaliban da suka zo gida dogon hutu su jarraba kafin masara ta bushe.