Kalifoniya Ba Holiwud Kaɗai Ba Ce

'Yan uwana mata, musamman ku 'yan makaranta masu son finafinan Amurka. Na san da yawanku in aka ce Kalifoniya, abin da ke faɗo muku a rai shi ne zungura-zunguran motoci da 'yan wasa masu ado kamar ka sace ka gudu. To ni dai Allah Ya nufa na taka ƙafata can, na yi mako biyu muna zagaya jihar a mota da yayata da mijinta, kuma abin da ake nuna mana a fim wallahi ɗan lungu ne kawai. Jihar nan fa girmanta ya kusa rabin Nijeriya, mutanenta kimanin miliyan 39, sannan babban birninta Sakramento ne, ba Los Anjelis ba.

Daga Los Anjelis ɗin muka fara, domin a nan unguwar Holiwud take. Manyan haruffan nan farare da kuke gani a kan tsauni, a 1923 aka kafa su, kuma tallar filayen gidaje ce ta sa, ba fim ba. Titin da ake jera taurari ɗauke da sunayen 'yan wasa kuwa, ni bai burge ni ba. Cunkoso ne da masu sayar da tarkace, ga bayin Allah marasa gida kwance a gefen hanya da 'yan tsummokaransu, mutane na tsallake su suna ɗaukar hoto. Ke 'yar uwa mai mafarkin duk wanda ya ce daga Amurka yake to kakarki ta yanke saƙa, da ma kin ga wannan da idonki.

Abu ɗaya ne ya sa na tsaya a wurin na daɗe. Duk taurarin a ƙasa suke ana taka su, ban da na ɗan damben nan Muhammad Ali. Da za a saka nasa a 2002 ya ce bai yarda a riƙa taka sunan Annabi (SAW) ba, sai aka manna shi a jikin bango. Sai da na ji ƙwalla ta cika mini ido.

Da muka bar birnin muka yi gabas, cikin awa biyu zuwa uku sai ga mu a hamada, a kwarin Kocela, ga gonakin dabino iya ganinki. Irin nasu mai suna Majhul daga Maroko aka kai shi Amurka a 1927. Yayata ta sayi kwali guda, kafin dare mun kusa ganin bayansa.

Daga nan muka miƙa arewa zuwa wurin da suke kira Kwarin Mutuwa. Tirƙashi! A watan Yuli na 1913 an auna zafin da ya kai digiri 56.7 a nan, kuma akwai wani fili fari fat da gishiri wanda ya yi ƙasa da bakin teku da mita 86. Mijin yayata bai yarda mun shiga ba sai da ya cika mota da jarkokin ruwa, don in mota ta mutu a can ba wasa ba ne. Abin mamaki, daga cikin wannan zafi kina hango duwatsu da ƙanƙara a kansu.

A bayan manyan duwatsun yankin, bayan doguwar tafiya ta zagaye, akwai dajin itatuwan sikwoya. Babbansu tsawonsa ya kusa mita 84, shekarunsa sun haura 2,000. Kukar da kika sani duk girmanta, a gabansa jaririya ce. Na ɗaga kai har ɗankwalina ya zame ban ga ƙarshensa ba, bakina ya kasa faɗin komai sai Subhanallah.

Da muka gangaro sai muka ratsa babban kwarin noma na tsakiyar jihar, inda inabi da lemo da tumatir suke fitowa. Masu tsinkar kayan yawancinsu 'yan asalin Meziko ne, da mata a cikinsu, sun rufe fuska da ƙyalle suna duƙe cikin rana tun asuba. Su ba a saka su a fim.

A San Faransisko muka ƙare, wajen gadar Golden Gate da aka buɗe a 1937. Sunanta na nufin ƙofar zinariya, amma jan fenti gare ta. Hazo ya rufe rabinta ranar, ga iska mai sanyi daga teku tana kaɗawa, har sai da yayata ta cire rigar sanyinta ta yafa mini a kan mayafi kafin na iya tsayawa aka yi mana hoto.