Ko Ka Sani? Yadda Manhaja Ke Haɗa Rajistar Sabobin da Suka Warwatse

Ko ka san injiniya ɗaya zai iya ba ɗaruruwan sabobi umarni a lokaci guda, amma sai waɗanda sunansu ke cikin rajistarsa? Sabobi su ne manyan kwamfutocin da ke riƙe da ayyukan banki da na kamfanin waya. Haka manhajar Ansible take aiki, wadda Michael DeHaan ya ƙirƙiro a 2012, kamfanin Red Hat ya saye ta a 2015. Ta ƙofar SSH take shiga kowace saba, ta yi abin da aka sa ta, ta fita. Sabar da ba a rubuta a rajista ba kuwa, ko da tana gaban injiniyan, a wajen manhajar babu ita.

Abin da ya faru a Sudan ya isa ya nuna nauyin wannan rajista. Kafin yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilun 2023, cibiyoyin bayanai na kamfanonin sadarwa da bankuna a Khartoum suka taru. A Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a yawancin ƙasar. Mai shago a Omdurman da ya dogara da Bankak, manhajar Bankin Khartoum, ya wayi gari da kuɗi a asusu amma babu hanyar taɓa su. Daga Port Sudan aka fara farfaɗo da layukan. Duk ma'aikatar da ta shiga irin wannan hali, sabobinta kan rabu gida uku: na tsohuwar cibiya, na sabon mazauni, da waɗanda aka yi haya a gajimare, wato cibiyoyin kamfanoni irin su Amazon.

Rajista ɗaya ba za ta ɗauki wannan ba, shi ya sa Ansible ke karɓar rajista da yawa. Ko dai a jero su da alamar -i ɗaya bayan ɗaya, ko a zuba su a folda guda a nuna mata. Wata da hannu aka rubuta ta a tsarin INI ko YAML. Wata kuma ba a rubuce take ba: duk lokacin da za a yi aiki sai a tambayi gajimare sabobin da ke raye a yanzu. Manhajar ta haɗe su duka su zama jeri ɗaya.

A wajen haɗawar ne ake tuntuɓe. Idan saba ɗaya ta fito a rajista biyu da bayanai masu karo da juna, maganar wadda aka karanta daga ƙarshe ce ke tsayawa. A cikin folda kuwa bisa jerin haruffa ake karantawa. Ɗauki fayil uku: gajimare, khartoum, portsudan. Harafin g yana gaban k, saboda haka tsohon adireshin da ke fayil ɗin khartoum zai danne sabon da ke gajimare, ba tare da ko gargaɗi ba. Masu aikin sukan magance wannan da lamba a gaban suna: 01-khartoum, 02-portsudan, 03-gajimare.

Akwai wani tarkon da na fi jin tsoro. Ansible da suna take gane saba, kamar malamin da ke kiran sunan ɗalibai bai ɗaga kai ya dubi fuska ba. In an rubuta kwamfuta ɗaya da sunanta a nan, da lambar IP a can, za ta ɗauka biyu ce, ta yi mata aiki sau biyu. Kuma sabuwar rajista ba ta goge abin da ke tsohuwa. Sabar da aka baro a ginin da babu wuta tana nan cikin jeri har sai mutum ya cire ta da hannunsa.

Bayan da sojojin Sudan suka sake karɓe Khartoum a Maris 2025, ma'aikatu suka shiga shirin komawa, wanda ke nufin sake sauya wa wasu sabobin mazauni. Shawarata ga duk injiniyan da wannan aiki ya hau kansa: kafin ya tura umarni ko ɗaya, ya buga ansible-inventory --list, ya karanta haɗaɗɗen jerin da idonsa, ya tabbatar adireshin kowace saba shi ne na inda take a yau.