Mene ne makamashi a ilimin fiziks? Bayani ga masu farawa

Wanda ya sayi wutar lantarki a mita, da wanda ya sha mai a babur ɗinsa, da wanda ya ci tuwo kafin ya fita gona, duk abu guda suka nema, ko da ba su sani ba. Masana ilimin fiziks suna kiran abin nan makamashi.

A bakin jama'a, kalmar ta fi zama sunan itace da gawayi da kananzir da gas. A wurin masana kuwa, waɗannan mazubai ne kawai. Makamashi shi ne abin da ke cikinsu, wato ikon yin aiki ko kawo sauyi, kamar motsa abu, ko ɗaga shi, ko ɗumama shi, ko haskaka wuri.

Kalmar aiki ma tana da ma'ana ta musamman a wannan fanni. Ana cewa an yi aiki idan aka sa ƙarfi a kan abu har ya gusa ta inda aka tura shi. Wanda ya ɗaga jarkar ruwa daga ƙasa ya ɗora a kan baro ya yi aiki. Wanda ya wuni yana tura bangon da bai motsa ba, bai yi wa bangon aikin komai ba, duk da cewa ya jigata, domin makamashin jikinsa ya ƙare ne a zafi da gumi.

Yadda ake auna tsawo da mita, nauyi kuma da kilo, haka ake auna makamashi da jul. An samo sunan daga James Joule, masanin ƙasar Ingila wanda ya nuna a shekarun 1840 cewa idan aka juya ruwa da filafilai, ruwan yana ƙara ɗumi daidai gwargwadon aikin da aka yi. Jul ɗaya ba shi da yawa. Jarka mai lita 20 tana ɗaukar ruwa mai nauyin kilo 20, kuma ɗaga ta tsayin mita ɗaya yana cin kimanin jul 200. Litar fetur guda kuwa tana ɗauke da jul fiye da miliyan 30.

Makamashi yana zuwa a siffofi daban-daban, amma biyu ne ginshiƙai. Na farko shi ne makamashin motsi, wanda duk abin da ke tafiya yake da shi, kamar mota a kan hanya, ko iska, ko ruwan kogi. Na biyu shi ne ajiyayyen makamashi, wanda abu yake riƙe da shi saboda wurin da yake ko halin da yake ciki. Taɓarya da aka ɗaga sama tana da shi, haka ma baka da aka ɗana. Da zarar an saki, ajiyayyen ya rikiɗe ya zama na motsi. Abinci da itace da fetur da batir su ma suna ajiye da makamashi a cikin sinadaransu.

Babbar dokar wannan fanni ita ce, ba a ƙirƙirar makamashi kuma ba a halaka shi, siffa kawai yake sauyawa. Madatsar ruwa ta Kainji da ke kan Kogin Neja, wadda aka kammala a 1968, misali ce mai kyau. Zafin rana ne yake ɗaga tururi daga teku da koguna, ya zama hadari, ya sauko a matsayin ruwan sama. Madatsar takan tare ruwan a wuri mai tudu, inda yake riƙe da ajiyayyen makamashi. Idan aka buɗe masa hanya, sai ya gangaro da ƙarfi ya juya manyan injina, su kuma su mayar da motsin zuwa lantarki. Lantarkin ya bi waya har cikin gida, ya zama haske a ƙwan fitila, ko motsi a fanka, ko zafi a dutsen guga.

To, idan makamashi ba ya halaka, me ya sa mai yake ƙarewa a janareto? Amsar ita ce, a duk sauyin da aka yi, wani kaso yana zama zafi ya watsu cikin iska, inda da wuya a sake tattara shi. Mafi yawan makamashin fetur da ƙaramin janareto ke sha yana tafiya ne a zafin inji da hayaƙi, kaɗan ne ke zama lantarki. Bai ɓata ba, ya dai fita daga hannunmu.

Wannan doka tana iya tsare wa mutum aljihunsa. Duk wanda ya tallata injin da zai riƙa ba da wuta har abada ba tare da mai, ko rana, ko iska, ko ruwa, ko caji daga waje ba, ya yi alkawarin abin da ba zai yiwu ba. Babu injin da ke fitar da makamashi fiye da wanda aka zuba masa.

Akwai kuma bambanci tsakanin makamashi da saurin cin sa, wanda ake aunawa da wat. Wat ɗaya yana nufin jul ɗaya a kowace daƙiƙa. Yunit ɗin da ake saya a mitar wuta shi ne abin da na'ura mai wat 1,000 take ci cikin awa ɗaya, wato jul miliyan 3.6. Saboda haka, tsohon ƙwan fitila mai wat 60 zai ci yunit 0.6 cikin awa 10, yayin da na zamani mai wat 9, wanda haskensa ya yi kusa da na tsohon, zai ci yunit 0.09 kacal. Bambancin ya zo ne daga yadda tsohon ƙwan yake mayar da yawancin lantarkinsa zafi maimakon haske.

Darasi mafi nauyi yana kan titi. Makamashin motsi ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ya fi gudun saurin hawa. Idan direba ya ninka gudunsa sau biyu, makamashin motar zai ninku sau huɗu. Motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana ɗauke da ninki huɗu na makamashin da take da shi a kilomita 60. Birki yana tsayar da mota ne ta hanyar mayar da wannan makamashi zafi, don haka tazarar da take bukata daga taka birki zuwa tsayawa ita ma takan ninku kusan sau huɗu. Idan tazarar ba ta samu ba, makamashin ba zai ɓace ba, zai sauka ne a kan ƙarfen motar da jikin waɗanda ke ciki.

Ga ɗalibi mai fara karatun fiziks, tambayoyi uku sun isa jagora a duk lokacin da ya ga wani abu yana motsi, ko yana zafi, ko yana haske: daga ina makamashin ya fito, wace siffa ya koma, kuma nawa ne ya tafi a zafi? Da waɗannan tambayoyi ake fara nazarin kowace na'ura, daga murhun girki har zuwa injinan Kainji.