Idan Baƙin Mai Yana Yoyo Daga Injin Babur: Abin Da Ya Kamata Mu Sani

A sansanin Minawao da ƙauyukan kewaye, babur ne ke kai mara lafiya asibiti, shi ne ke ɗauko kaya daga kasuwar Mokolo, kuma da shi matasanmu da yawa ke ciyar da gida. Ƙaramin babur irin Boxer, baƙin man da yake ɗauka wajen lita 1 ne kawai. Saboda haka ɗigon da muke rainawa zai iya ƙarar da man, inji ya ƙone, jari ya tafi.

Daga ina yake fitowa?

A saman inji akwai mahaɗa uku: ƙarƙashin murfin kai, tsakanin kan inji da silinda, da gindin silinda. Kowace tana da gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin ƙarfe da ƙarfe. A shagunan Marwa da Garwa ana kiransa "joint" da Faransanci, na kan inji kuma "joint de culasse".

Zafi ne babban mai kashe shi. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yakan wuce digiri 40, ga lodi fiye da kima. Haka nan cika mai ya wuce alama, ko ƙura ta toshe tiyon da inji ke numfashi ta cikinsa, duk suna tura mai waje.

Yadda za mu gano wurin

Mai yana gangarowa, iska kuma tana watsa shi, don haka inda muka ga jiƙa ba lallai nan ne tushen ba. A bar inji ya huce, a wanke, a shanya, a barbaɗa masa toka mai laushi. Sai a tayar na ɗan lokaci. Wuri mafi sama da toka ta fara jiƙewa, nan ne yoyon.

Gyara

Idan murfin kai ne, aikin da sauƙi: a sauya gasket ko robarsa. Idan na kan inji ne, za a ga ƙarfin babur ya ragu, yana wuyar tashi, wani lokaci a ji huci daga mahaɗar. Wannan aikin bakanike ne, domin in an mayar da sarƙar taimin ba daidai ba, bawul zai iya lanƙwashewa. Mu tsaya a kansa mu tabbatar:

1. An sa sabon gasket, ba tsohon aka mayar ba.
2. An kankare ragowar tsohon ba tare da an karce ƙarfen ba.
3. An duba ko kan injin ya karkace.
4. An sauya ƙananan zobban roba na hanyar mai.
5. An ɗaure notuna kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga kusurwa zuwa kishiyarta.

Kada a matse da ƙarfin tsiya, aluminiyam yana da laushi, zaren noti zai mutu. Kada a lafta gam, gutsurensa yana toshe hanyar mai. Kwali kuma ba ya jure wutar kan inji. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa yawanci na zobban fistan ne ko robar bawul, sauya gasket ba zai magance shi ba.

Lafiyar iyali

Mai a kan tayar baya yana jawo santsi da faɗuwa, ga mata da yara a goye. Tsohon baƙin mai guba ne: kada a shafa shi a ciwo ko ƙaiƙayi, kada a zubar kusa da rijiya ko famfo, kada a zuba a robar ruwan sha. A ajiye shi inda yara ba za su kai ba.

Wanda zai fita sayen kayan gyara ya riƙe katinsa na ɗan gudun hijira da takardun babur. In tafiyar mai nisa ce, ya fara tambayar hukumar sansani game da takardar izinin fita. Wanda aka tsare a hanya ko aka ƙwace wa babur ya zo ofishin kariya, muna nan za mu fassara masa.

Kafin sabon gasket ya samu, a riƙa duba ma'aunin mai kowace safiya kafin a tayar da babur.