ƊAN TATATA, SARKIN GIDA MARAR RAWANI

Daga Wakilinmu

A kowace unguwa akwai mai unguwa, a kowane gida kuma akwai maigida. Amma duk gidan da ke da yaro wanda ya bar rarrafe ya kama tatata, mutanen gidan sun san wanda ke riƙe da mulki na haƙiƙa. Babu wanda ya naɗa shi, ba shi da rawani, sau da yawa ma ko wando ba ya yarda a sa masa. Duk da haka shi ke yanke lokacin da za a tashi daga barci, da lokacin da za a ci abinci cikin natsuwa, da inda za a ɓoye ashana da wuƙa da kwalbar turare.

Masana lafiyar yara sun ce galibin yara su kan fara tafiya da ƙafafunsu tsakanin wata 9 da wata 18. Kafin yaro ya cika shekara 3 haƙoransa na nono guda 20 sun gama fitowa, ƙwaƙwalwarsa kuma ta kai wajen kashi 80 cikin 100 na girman ta babban mutum. Watau ƙafa ta samu, hannu ya samu, baki ya buɗe, sanin abin da zai cuce shi ne kaɗai ya yi saura a baya. Wannan rata da ke tsakanin ƙarfin jikinsa da hankalinsa ita ce ke cika gida da dariya, ita ce kuma ke kai iyaye asibiti da tsakar dare.

SHIRUNSA YA FI KUKANSA BAN TSORO

Uwar da ta ƙware a raino ba ta tsoron kukan ɗanta kamar yadda ta ke tsoron shirunsa. In yana kuka ta san inda ya ke. In kuwa gida ya yi tsit har ta gama tankaɗe ba wanda ya ja mata zane, to, sai ta ajiye rariya ta bi sawu. Ko dai ta tarar da shi bayan gado ya juye man shafawarta kaf a kansa, ya bi da hoda, ya fito fari fat kamar wanda ya kwana a injin niƙa, ko kuwa ta iske ya zuba garin tuwo cikin randa yana damawa da takalmin baƙo. Makullin babur ɗin maigida da aka kwana biyu ana nema, a cikin turmi za a same shi. Wayar salular da ta ɓace tun hantsi, sai an zo kwashe miya ta fito.

Abin da ya fi ba da dariya shi ne fuskar da ya ke tarbar mai kama shi da ita. Babu alamar nadama. Ya kan ɗago kai yana murmushi, ya miƙo hannu cike da ɓarnar, kamar ma'aikacin da ya gama aiki yana jiran lada.

A wurinsa kuwa aiki ne ya yi. Wani masanin halayyar yara ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, wanda ya rasu a 1980, ya shafe shekaru yana lura da 'ya'yansa uku yana rubuta abin da su ke yi tun suna jarirai. Ya nuna cewa yaro ƙarami da hannu da baki ya ke karanta duniya. In ya jefar da cokali sau ashirin, uwa tana ɗauko masa yana sake jefarwa, gwadawa ya ke yi ya ga ko kullum ƙasa zai nufa, da irin ƙarar da zai yi, da kuma ko sau nawa babban mutum zai sunkuya dominsa. Haka nan bai gama gane cewa abin da wasu ke gani dabam ne da abin da shi ke gani ba. Shi ya sa in ana wasan ɓuya sai ya cusa kansa ƙarƙashin zanen uwarsa, sauran jiki duk a waje, ya yi lamo yana jiran a sha wahalar nemansa.

BAKI YA BUƊE

Wajen shekara 2 yaro ya kan fara haɗa kalmomi biyu, kuma a wannan lokaci gida ya kan sami tafinta. Galibi yayarsa ce, 'yar shekara biyar, ita kaɗai ke jin gwarancinsa, ita ke shaida wa manya cewa wannan ihun da a ke yi tun ɗazu, kofin roba ja a ke nema, shuɗin ba zai karɓu ba. Kalmomi biyu da ya fi ƙwarewa a kansu su ne "a'a" da "nawa". Za ka yi wanka? A'a. Za ka ci tuwo? A'a, alhali bakinsa a buɗe yana jiran loma. Tsintsiya tasa ce, akuya tasa ce, ubansa ma nasa ne shi kaɗai.

Bayan haka sai kwaikwayo. Ya ɗauki hular ubansa ya kifa har hanci, ya ja carbi, ya yi gyaran murya irin ta ubansa daidai. In uban ya tayar da salla, sai ya jira ya yi sujada ya haye bayansa ya mai da shi doki. Wannan ba sabon abu ba ne, domin an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa, bai so ya katse masa wasa ba.

Sai dai kwaikwayon ba ya tsayawa a kan abin kirki. Yaro ɗan shekara uku ba ya riƙe asiri. Mai karɓar adashi ta yi sallama, uwa ta laɓe a ɗaki, sai ga shi ya fito da gudu yana shela: "Umma ta ce ba ta nan!" Zagin da uba ya yi wa mai mota a hanya makon jiya, wanda ya ɗauka ba wanda ya ji, sai ranar da surukai su ka zo gaisuwa zai fito daga bakin yaro, tsaf, babu gwaranci ko kaɗan. Gidaje da yawa sun gyara harshensu ta dalilin ɗan shekara uku fiye da yadda su ka gyara ta dalilin wa'azi.

Birgima kuma ita ce makaminsa na ƙarshe, ya fi son yin ta a gaban mai sayar da alewa inda jama'a su ka taru. Dalilinta shi ne abin da ya ke so ya fi kalmomin da ya mallaka yawa, ga gajiya ko yunwa. Duka ba ya rage ta, sai dai ya ƙara mata tsawo. Tsofaffi sun daɗe da sanin maganinta, watau a ɗauke masa hankali. "Kai, dubi ƙadangare!" ta kashe rigimar da tsawa goma ba su kashe ba.

KOTUN KAKA

A ƙasar Hausa ba uwa kaɗai ke raino ba, ɗa na kowa ne. In ɗan fari ne ma, al'adar kunya ta kan hana uwa kiran sunansa ko yi masa wasa a gaban mutane, sai kakanni da gwaggwanni su cike gurbin. Wasan jika da kaka kuwa sananne ne. Kaka mace ta kan kira jikanta namiji mijinta, ta kira ta mace kishiyarta, kaka namiji kuma ya ce da jikarsa amarya. In an sa wa yaron sunan kakansa ana kiransa Abba, to, shi ke nan, ya fi ƙarfin bulala.

Ɗakin kaka shi ne kotun ɗaukaka ƙara, kuma ba a taɓa jin mai ƙara ya faɗi a cikinta ba. Da ya ga uwa ta ɗauko tsinken tsintsiya sai ya ruga can ya shige bayan tsohuwa, ya leƙo da ido ɗaya. Hukuncin kuwa kullum iri ɗaya ne: "Ke 'yar nan, ƙyale mini mijina. Uban nasa ya fi shi ɓarna, ga shi nan ya zama mutum."

YAYE

A tsakiyar wannan zamani na dariya ne yaye ke faɗowa. Alƙur'ani mai girma ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana ba da shawarar nono zalla har wata 6, sa'an nan a ci gaba da shi tare da abinci har shekara 2 ko fiye. A al'ada a kan kai yaro gidan kaka ya yi kwanaki har ya manta, wasu mata kuma su kan shafa abu mai ɗaci a nono. Duk wanda ya ga fuskar yaro sa'ad da ya ɗanɗana ɗacin nan, ya dubi uwarsa duban wanda aka ci amanarsa, zai yi dariya ko bai so ba.

Amma fa nan ne wurin da ya kamata dariya ta tsaya a yi tunani. A 1935 wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ta yi aiki a Ankara ta ƙasar Gana tun ana kiran ƙasar Gwalkwas, ta shigar da kalmar kwashoko cikin littattafan likitanci. Daga harshen Ga ta samo ta, ma'anarta kuwa ciwon da ke kama yaro in an yi masa ƙane. Matan can sun lura da abin da matanmu su ka lura da shi game da kwanika: an cire yaro daga nono da gaggawa, an bar shi da kunu tsararo. Alamun wannan irin tamowa su ne kumburin ƙafafu, gashi ya yi ja ya yi laushi, yaro ya daina wasa ya zauna shiru wuri ɗaya. Ɗan shekara biyun da ya bar ƙiriniya farat ɗaya, asibiti ya kamata a nufa da shi, kada a tsaya yabon ya yi hankali.

Maganin kuwa yana cikin kasuwarmu. A ƙara wa kunu gyaɗa ko waken suya ko nono, a ba shi wake da ƙwai da kifi da ganyen zogale da ɗan manja. Zancen cewa cin ƙwai na sa yaro sata camfi ne kawai. Cikinsa ƙarami ne, don haka a ba shi kaɗan kaɗan sau da yawa a yini, kuma a kwanonsa shi kaɗai, domin in an haɗa shi da yayyensa, kafin ya gama wasa da loma ɗaya sun suɗe kwano.

YARO BAI SAN WUTA BA

Hannun da ke jefa waya cikin miya shi ne ke kai kome baki. Kananzir da aka zuba a kwalbar lemo aka ajiye a ƙasa, a idon yaro lemo ne. In ya sha, kada a sa shi amai, kada a tsaya ɗura masa manja, domin kananzir in ya shiga huhu ya fi yin illa. A garzaya da shi asibiti. In ruwan zafi ko wuta ta ƙona shi, a yi ta zuba wa wurin ruwa mai sanyi har minti 20, a bar ƙwai da man goge baki. Bokitin wanki da ruwa kaɗan a ciki ya isa ya halaka yaro, domin kansa na da girma da nauyi in an kwatanta da jikinsa, in ya faɗa ba ya iya fitowa, kuma ba a jin ƙararsa. Rijiya a rufe ta. Ƙwayar gyaɗa da tsabar kuɗi da maɓalli su kan maƙale masa a maƙogwaro.

Ƙasar da ya ke wasa a kanta ma abin lura ce. A 2010 yara wajen 400 su ka rasu a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya da aka riƙa niƙawa a cikin gidaje. Ƙurar ta sauka a tsakar gida, ƙananan yara kuwa su ne ke zama a ƙasa suna kai hannu baki.

Sauran abokan gaba su ne zazzaɓin cizon sauro da gudawa da baƙon dauro. Gidan sauro da dare, da maganin rigakafin zazzaɓi da a ke raba wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 da damina, da ruwan gishiri da sukari in gudawa ta kama, da allurar baƙon dauro a wata 9 da maimaicinta a wata 15, duk ba su kai kuɗin ragon suna ba. Rigakafi ya fi magani.

Wannan tsaro bai kamata a bar wa uwa ita kaɗai ba. Matar da ke girki da wanki da goyon jariri ba ta da ido na uku. Maigidan da ya kafa kanta mai tsawo ya ɗora magunguna da fiya-fiya, ya yi wa rijiya murfi, ya kewaye murhu, ya ɗauki yaro zuwa zaure na awa ɗaya da la'asar, ya yi raino na gaske.

Zamanin tatata gajere ne. Kafin a ankara an rataya masa allo, ya fara jin kunyar fita ba wando, ya daina cewa akuya tasa ce. Labarin ranar da ya dama gari a randa kuwa ba ya tsufa, za a ba matarsa shi ranar da aka kawo ta, a ba 'ya'yansa. Abin da ke kan iyaye shi ne su tsare shi daga kwalba da wuta da rijiya da yunwa, domin ya kai lokacin da zai zauna a ba shi labarin, ya rantse bai yi ba. Allah ya raya mana su, ya shirya su, amin.